Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Ciki Ba: Mazauna Hanji da Jinyar Sankarar Dubura

Akwai tambayar da iyalan masu jinya kan yi mini a bakin tagar ɗakin magani, wadda har yau ban saba da nauyinta ba. A watannin baya wani matashi ya sake yi mini ita. Mahaifinsa manomi ne daga wani ƙauye da ke tsakanin Kwanar Dangora da Tudun Wada, bai cika shekara 60 ba, an tabbatar yana da sankarar dubura, an kuma yi masa gashi na mako biyar tare da ƙwayoyin kemo. A layin da suke jiran gashi kullum sun saba da wani dattijo mai irin wannan ciwo. Maganinsu ɗaya, kwanakinsu ɗaya, kuma a yadda suka fahimta, ƙarin nasu bai fi juna girma ba. Da aka sake hoto bayan wata biyu, ƙarin wancan dattijo ya narke har ya kusa ɓacewa. Na mahaifinsa kuwa, abin da ya ragu bai taka kara ya karya ba.

"Likita, don Allah ka gaya mini gaskiya," in ji shi, "ko maganin da aka ba Baba jabu ne?"

Na karɓi kwalin, na duba lambarsa da inda aka sayo shi. Maganin ba jabu ba ne. Sai na roƙe shi ya kawo mini duk abin da Baba ya sha tun ranar da ya fara ganin jini a bayan gida. Bayan kwana uku ya dawo da baƙar leda cike da fankon katin Flagyl, da ciprofloxacin, da kafson nan ja da yalo, da kwalabe huɗu na maganin basir. Wata 14 ke nan ana sha ana sakewa kafin wani ya ce a je a duba.

Ban ce masa ledar ce ta hana gashin aiki ba, domin babu mai ikon yanke irin wannan hukunci a kan mutum guda. Amma ledar ta tsaya mini a rai, saboda a 'yan shekarun nan masu bincike sun karkata ga wani abu da muka daɗe ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, wato ƙananan halittun da ke zaune a hanjinmu, da rawar da suke takawa wajen karɓar magani ko ƙin karɓarsa. Ra'ayina shi ne, wannan ilimi bai kai a mayar da shi gwajin asibiti ba tukuna, amma ya isa ya sa mu sake tunani a kan yadda muke haɗiyar maganin kashe ƙwayoyin cuta kamar gyaɗa, musamman idan jini ya bayyana a bahaya.

Yadda ake jinyar ciwon, da abin da ke ɗaure wa likitoci kai

Dubura ita ce ƙarshen babban hanji, tsawonta kimanin santimita 12 zuwa 15, inda bahaya ke taruwa kafin ta fita. Idan sankara ta ratsa bangonta ko ta kai ga kaluluwar da ke kewaye, amma ba ta bazu zuwa hanta ko huhu ba, tsarin da aka fi bi shi ne a fara da gashi kafin tiyata. Ana yin zama 25 zuwa 28, kwana biyar a kowane mako, tare da ƙwayar capecitabine ko ruwan 5-FU, waɗanda ke sa ƙarin ya fi jin zafin gashin. Sai a huta na wasu makonni, a sake dubawa, sannan a yanke shawarar aiki.

A nan ne mutane ke rabuwa. A cikin kowane mutum 100 da aka yi wa wannan tsari, kimanin 15 zuwa 20 ne ƙarinsu ke ɓacewa gaba ɗaya, har idan an cire wurin an duba ba a samun ƙwayar sankara ko ɗaya. A sababbin tsare-tsaren da ake ƙara cikakken kemo kafin tiyata, adadin kan kai kusan 28. Da yawa ƙarin nasu raguwa yake yi kawai, wasu kuma da kyar yake motsawa.

Bambancin ba ƙarami ba ne ga mai ciwo. A shekarar 2004 wata likitar tiyata a birnin Sao Paulo na Barazil, Angelita Habr-Gama, ta nuna cewa waɗanda ƙarinsu ya ɓace bayan gashi ana iya sa musu ido sosai ba tare da an yi musu aiki nan take ba. Ga wanda ƙarinsa ke kusa da mafita, wannan na iya zama bambanci tsakanin rayuwa kamar da, da rayuwa da jakar bahaya manne a ciki har ƙarshen rai. Duk wanda ya taɓa zama da manomin da aka gaya masa za a sa masa jaka ya san abin da ke fara faɗo masa: noma, iyali, alwala da sahun jam'i, duk da malamai sun yi bayanin rangwamen da mai irin wannan lalura yake da shi.

Sannan ga kuɗi. Mutumin Kiru ko Bebeji ko Doguwa da aka tura gashi Shika ko Abuja ko Sakkwato, sai ya nemi masauki na fiye da wata guda, shi da mai jinyarsa. Na ga an sayar da masarar shekara, na ga an jinginar da gona. Da akwai hanyar da za a gane tun farko wanda gashin zai yi wa aiki da wanda ba zai yi wa ba, da an sauya wa na biyun tsari tun kafin ya ƙarar da ƙarfinsa da dukiyarsa. Wannan hanya ce ake nema a cikin hanji.

Su wane ne mazauna hanji?

Wani lissafi da aka fitar a 2016 ya ƙiyasta cewa a jikin baligi akwai bakteriya kimanin tiriliyan 38, alhali ƙwayoyin halittar jikinsa shi kansa kimanin tiriliyan 30 ne. Nauyinsu duka bai wuce giram 200 ba, kuma mafi yawansu a babban hanji suke. Mun saba kiransu da sunan ƙwayoyin cuta, kuma wannan suna zalunci ne ga mafi yawansu. Su ne ke narkar da harzar da cikinmu ba ya iya narkarwa, irin wadda ke cikin dusar gero da wake da ganyen rama, su mayar da ita wasu sinadarai. Ɗaya daga ciki, mai suna butiret, shi ne babban abincin ƙwayoyin da suka shimfiɗe bangon hanji. Suna horar da garkuwar jiki, suna samar da wasu bitamin, kuma cikar da suka yi wa wurin tana hana miyagun baƙi samun masauki.

Mu masu haɗa magunguna mun san da zamansu ta hanya mai ɗaci. A 1993 an fitar da wani magani a Japan mai suna sorivudine, don ƙurajen nan masu raɗaɗi da ke fitowa a gefe ɗaya na jiki daga ƙwayar cutar ƙarambau. Cikin 'yan makonni mutum 18 suka mutu, dukansu masu shan magungunan sankara dangin 5-FU. Da aka bi diddigi sai aka gano bakteriyar hanji ce ke juya sorivudine zuwa wani sinadari da ke toshe hanyar da hanta ke bi ta kawar da 5-FU, sai maganin ya taru a jini ya zama guba. Haka nan irinotecan, wanda ake ba masu sankarar hanji: hanta kan ɗaure gubarsa ta tura ta hanji don a fitar, sai wasu bakteriya su kwance ɗaurin, mai jinya ya kama zawo mai tsanani. A 2022 kuma masu bincike a Amurka suka nuna cewa wasu bakteriyar hanji na iya lalata 5-FU kansa. Ashe duk ƙwayar da na miƙa ta taga, ba mai ciwo kaɗai nake ba wa ba.

Abin da bincike ya nuna a kan sankarar dubura

Sunan da ya fi fitowa shi ne Fusobacterium nucleatum, bakteriyar da asalin mazauninta baki ne. Tun wajen 2012 aka lura tana da yawa a cikin ƙarin sankarar hanji fiye da naman lafiya da ke gefensa. A 2017 masu bincike a Shanghai suka nuna yadda take taimaka wa ƙwayoyin sankara su jure wa 5-FU da oxaliplatin. A 2020 wata cibiya a Basalona ta ƙasar Sifaniya ta duba masu sankarar dubura 143, ta ga cewa gashi na rage wannan bakteriya, amma waɗanda ta dage a ƙarinsu bayan gashin sun fi sauran fuskantar dawowar ciwon nesa ba kusa ba.

Binciken da ya fi kusa da tambayar matashin nan shi ne na Jami'ar Fudan da ke Shanghai, wanda aka wallafa a 2021. An karɓi bahayar masu ciwo 84 kafin a fara musu gashi. Waɗanda ƙarinsu ya ji magani an same su da yawan bakteriya masu samar da butiret, irin su Roseburia da Dorea da Anaerostipes. Waɗanda nasu ya ƙi ji kuwa, Fusobacterium ta fi yawa a cikinsu. A 2023 wani rukuni a Beijing ya ƙara da cewa wata bakteriya mai suna Bacteroides vulgatus tana samar wa ƙari kayan da yake gyara ɓarnar da gashi ya yi masa.

Wannan duk abin farin ciki ne. Gwajin bahaya ba ya buƙatar yanka ko allura, kuma ana iya ɗaukar samfurin a Riruwai a aika da shi Kano. Ƙari a kan haka, ba za ka iya sauya gadon halittar da aka haife ka da shi ba, amma mazauna hanji suna sauyawa da abinci da magani.

Dalilin da ya sa na ce da sauran tafiya

Masu binciken Fudan sun haɗa ma'aunin hasashe daga bakteriyar da suka gani. A sikelin da 100 ke nufin cikakken daidaito, 50 kuma ke nufin canki-canka, ma'aunin ya sami kusan 94 a rukunin da aka gina shi a kansu. Da aka gwada shi a wani rukuni dabam sai ya faɗo kusan 74. Babu likitan da zai hana mutum gashi, ko ya fasa masa tiyata, a kan irin wannan lamba. Kuma ganin abu biyu tare bai tabbatar da cewa ɗaya ne ya jawo ɗayan ba. Ƙarin da ya girma ya yi gyambo yana zubar da jini, shi kansa yana sauya irin halittun da za su iya zama kusa da shi. Shi ya sa har yanzu babu wata ƙa'idar jinya da ta ce a duba bahaya kafin a zaɓa wa mai sankarar dubura magani. Duk wanda ya ce zai yi maka wannan gwaji ya gaya maka ko gashi zai yi maka aiki, kuɗinka yake so.

Akwai kuma matsalar da ta shafe mu kai tsaye: hanjin da aka yi binciken a kansa ba irin namu ba ne. Wani nazari na 2022 ya gano cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na samfuran da ke rumbunan bayanai na duniya, waɗanda aka san asalinsu, daga Turai da Amurka da Kanada suka fito. Alhali tun 2010 aka kwatanta yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake kamar yaranmu, da yaran birnin Florence na Italiya, aka ga hanjinsu kamar ƙasashe biyu ne. Na Burkina cike yake da bakteriya masu narkar da harza irin su Prevotella, waɗanda kusan babu su a na Italiya. A 2018 Dakta Funmilola Ayeni ta Jami'ar Ibadan da abokan aikinta suka nuna irin wannan bambanci a cikin Najeriya kanta, tsakanin manoman Bassa na karkara kusa da Abuja da mazauna birane. To, ma'aunin da aka gina a kan cikin mutumin Shanghai, me zai ce a kan mai shan fura da nono a Tiga?

Sankarar ma ba iri ɗaya ba ce. Binciken Farfesa Olusegun Alatise na asibitin koyarwa na Ile-Ife da abokan aikinsa na New York, wanda ya fito a 2021, ya nuna cewa masu sankarar hanji a Najeriya sun fi na Amurka ƙuruciya, kimanin rabinsu a dubura ciwon yake, kuma kusan kashi 28 cikin 100 na ƙarin da aka gwada suna ɗauke da wata alama da ba ta kai haka yawa a Turawa ba. Wannan alama ce ke nuna wanda sababbin magungunan zaburar da garkuwar jiki za su iya yi wa aiki. Darasin a fili yake: abin da aka auna a wani wuri sai an sake auna shi a nan.

Abin da ke hannunmu tun yau

Komawa ga baƙar ledar. A garuruwanmu, jini a bayan gida sunansa basir ko atini, maganinsa kuma yana kemis ɗin bakin titi ko a tiren mai talla ranar kasuwa. Ana sayen Flagyl na kwana biyu, idan jinin ya lafa a bari, idan ya dawo a ƙara da cipro. Wannan ɗabi'a tana yin ɓarna biyu.

Ta farko tabbatacciya ce, ita ce jinkiri. Babu wata bakteriya da ta kai matakin ciwo ƙarfin nuna yadda jinya za ta kaya. Sankarar dubura da aka kama tun tana cikin bango ana warkewa daga gare ta a mafi yawan lokuta. Wadda ta kai hanta kuwa, sai dai a yi ta lallaɓawa. Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta duniya ta 2022 ta nuna sama da mutum 8,000 ke kamuwa da sankarar hanji da dubura a Najeriya a shekara, kuma mafi yawan waɗanda muke gani sun zo ne bayan ciwon ya yi nisa. Alatise ɗin nan ya taɓa yi wa mutum 362 masu shekara 45 zuwa sama da ke ganin jini a bahaya gwajin leƙa hanji da kyamara, aka sami sankara a kusan ɗaya cikin kowane biyar ko shida, mafi yawansu a matakin da ake iya yi musu aiki. Jinin da ke tare da rama da sauyin yadda ake bayan gida shi ya fi zama abin tsoro.

Ta biyu ita ce ɓarnar da ake yi wa mazauna hanji. A Denmark an ba wa matasa 12 masu lafiya haɗin magungunan kashe ƙwayoyin cuta guda uku na kwana huɗu kacal. Bayan wata shida, nau'o'i tara da dukansu ke da su a da ba su dawo ba a mafi yawansu. Idan kwana huɗu sun yi haka, yaya wata 14? A Faransa kuma, a 2018, an ga cewa masu sankarar huhu da ƙoda da suka sha irin waɗannan magunguna dab da fara maganin zaburar da garkuwar jiki ba su amfana da shi kamar sauran ba. Wannan a kan wani magani ne dabam da gashi, amma ya isa ya sa mai hankali taka-tsantsan.

Wani zai ce, ai an ji Flagyl na kashe Fusobacterium, ashe ke nan taimako yake yi. Gaskiya ne a 2017 an gwada haka a Boston, aka ga ƙarin ya rage saurin girma, amma a jikin ɓeraye. Flagyl ba ya tantance aboki da maƙiyi. Bakteriyar da ke samar da butiret suna cikin dangin da ba sa son iska, su ne kuma ainihin waɗanda yake kashewa. Mafi muni, metronidazole, wato sinadarin da ke cikin Flagyl, yana rage saurin fitar 5-FU daga jiki, don haka yana iya ƙara gubar capecitabine. Mai shan kemo da ya kama zawo ya aika yaro kemis a sayo masa Flagyl, yana iya ƙara wa wutar fetur ne.

Wani kuma zai ce, mai ɗakin magani yana zaune a asibiti yana yi wa talaka wa'azi, alhali kemis ne kaɗai likitan da ke kusa da shi. Wannan magana tana da gaskiya, kuma ba na ɗora laifin a kan manomin da ke da naira dubu ɗaya a aljihu. Ina ɗora nauyin a kanmu, mu da muke bayan kanta. Doka ta sa mafi yawan waɗannan magunguna cikin waɗanda ba a bayarwa sai da takardar likita. An tayar da 'yan kasuwar magani na Sabon Gari zuwa cibiyar Dangwauro don a tsabtace sari, kuma mataki ne mai kyau, amma ba a Dangwauro ake miƙa wa mai jini a bahaya Flagyl karo na biyar ba. Mai kemis da ya ga fuska ɗaya ta dawo da ƙorafi ɗaya, mafi alherin abin da zai ba ta shi ne kalma: "Baba, wannan ya wuce ni, a je asibiti a duba." Zai rasa cinikin rana ɗaya, ya tsira da amanar gari.

Kada kuma a fahimce ni a baibai. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana ceton rai idan an ba da shi a muhallinsa. Mai shan kemo da zafin jikinsa ya kai digiri 38 yana bukatar asibiti a wannan daren, kuma da wuya a rasa ba shi irin wannan magani. Likitocin tiyata ma kan ba da shi kafin aikin hanji. Abin da nake yaƙa shi ne sha ba bisa ƙa'ida ba.

Abinci da kwalaben da ake tallatawa

Tun a 1971 likitan tiyata Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Uganda, ya danganta ƙarancin sankarar hanji a karkarar Afirka da yawan harza a abinci. A 2015 aka yi wani gwaji mai ban sha'awa: baƙaƙen fata 20 na birnin Pittsburgh a Amurka suka yi musayar abinci da mutanen karkara 20 na KwaZulu-Natal a Afirka ta Kudu, na mako biyu. Butiret ya ninka fiye da sau biyu a cikin Amurkawan, alamun haɗarin sankara a bangon hanjinsu suka ragu. Na 'yan Afirka ta Kudu kuwa suka ƙaru. Abincin da muke gudu yau, muna komawa ga farar shinkafa da taliya da burodi da lemon kwalba, shi ne wanda waɗannan halittu suka fi so: tuwon dawa da na gero da ba a surfe su fes ba, wake, dambu, kwaɗon zogale da rama, miyar kuka da kuɓewa, aya da gyaɗa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai ga mai ciwo akwai sharaɗi. Idan ƙari ya matse hanya, yawan harza na iya jawo toshewar hanji. A makonnin gashi ma, idan zawo ya kama, likita kan ce a rage ta na ɗan lokaci. Nono da kindirmo kuwa, sai wanda aka dafa madararsa aka adana da tsabta, domin garkuwar mai shan kemo ba ta da ƙarfin yaƙar abin da ɗanyen nono ke iya ɗauka. Saboda haka mai lafiya ya ci harza a sake, mai jinya kuma ya tambaya tukuna.

Kafson bakteriya masu amfani da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp da tsada, babu hujjar cewa suna sa gashi ya fi aiki. A wani bincike na 2018 a Isra'ila, shan su bayan maganin kashe ƙwayoyin cuta jinkirta dawowar mazauna hanji na asali ya yi. A wani na 2021 a Amurka, a kan masu sankarar fata, masu cin harza giram 20 ko fiye a rana ne suka fi amfana da magani, ba masu shan kafson ba. Kuɗin kwalba ɗaya ya fi amfani a kuɗin motar zuwa asibiti.

Ga iyalai da masu jinya

Idan ka ga jini a bahaya fiye da mako biyu, ko yana tafiya yana dawowa, musamman idan ka haura shekara 40, ko kana ramewa, ko bayan gidanka ya sauya, ko kana jin kamar ba ka gama ba bayan ka gama, ka je a duba ka. Basir gaskiya ne, kuma shi ya fi yawa, amma ana iya samun basir da sankara a mutum guda. Ƙarin da ke ƙasa, yatsan likita cikin safar hannu kan iya taɓa shi a minti ɗaya, kuma ana iya wannan a babban asibitin ƙaramar hukuma kafin a tura ka Asibitin Malam Aminu Kano ko Shika don leƙa hanji da ɗaukar nama. Na san kunya ce ke hana mutane, maza da mata. Mace na da ikon neman mace ta duba ta, ko a sa mata 'yar rakiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Idan an riga an fara jinya, ku tattara duk abin da mai ciwo yake sha, na kemis da na gargajiya da na ƙarin jini, ku kawo wa likita ko mai haɗa magunguna ya gani da idonsa. Ko maganin ƙarin jini mai ɗauke da folik asid na iya tsananta illar capecitabine, haka ita ma tana ƙara ƙarfin warfarin har jini ya ƙi tsayawa. Kada a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta sai wanda masu kula da shi suka rubuta, idan kuma sun rubuta a shanye shi yadda aka ce. Kada a tsallake zaman gashi don an ji sauƙi ko don an ji jiki, a gaya musu su san abin yi. A kula da tsabtar baki da haƙora, tunda kemo kan kawo gyambon baki.

Ga abokan aikina da malamanmu na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello kuwa, roƙona shi ne mu fara ajiye samfurin bahayar masu wannan ciwo kafin gashi, da yardarsu, tare da rubuta abin da suke ci da magungunan da suka sha a shekarar da ta gabata. Wannan tambaya ta ƙarshe ba ta cin ko kwabo, kuma ba na jin akwai inda amsarta za ta fi nauyi kamar a nan. Idan ba mu tara namu bayanan ba, ranar da gwajin zai iso za a auna mu da mudun da ba namu ba.

An yi wa manomin nan aiki, an sa masa jaka. Ya rame, amma yana tafiya da ƙafarsa, kuma ya koyi sauya jakar da kansa. Ranar da ɗansa ya zo karɓar sababbi, sai na ga wani mutum tsaye a bayansa yana ta sunkuyar da kai. Ƙanin Baba ne. Wata biyu ke nan yana ganin jini, har ya sayi katin Flagyl na farko, sai yaron ya karɓe ya sa shi a mota. Na gaya musu sun yi daidai, domin ɗan'uwan mai wannan ciwo na jini ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa da shi. Na nuna musu ƙofar da za su yanki kati, na kuma ce idan sun fito su biyo ta wurina da duk abin da aka rubuta masa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.